Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

A tsakiyar watan Fabrairu wani matashi ɗan shekara 34, haifaffen Zariya mai aiki a Ingila, ya aiko mini da wasiƙar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai. Bara ƙanwarsa ta rasu bayan ta sha fama da cutar sikila tun tana jaririya. Yana neman abin da zai yi don tunawa da ita, sai ya ji labarin wata ƙungiya mai tallafa wa masu wannan cuta tana da gurbi guda a gudun yada ƙanin wani na birnin Landan, domin wanda aka ba gurbin tun farko ya janye. Nan take ya karɓa. Ya yi alkawarin tara wa ƙungiyar fam 2,000, ya sanar a Facebook da zauren WhatsApp na dangi, kafin mako ya zagayo an tara fiye da rabin kuɗin. Ranar gudun tana ƙarshen Afrilu, wato saura mako goma.

Ga yadda ya rufe wasiƙar: "Rabona da gudu tun ina sakandare, aikina kuwa na zama ne a gaban kwamfuta. Don Allah ka ba ni tsarin atisayen da zai kai ni, domin na riga na faɗa wa duniya, kuma ba zan iya duban idon Mama in ce mata na fasa ba."

Allah ya jiƙan ƙanwarka, ɗan'uwana, ya ba ku haƙurin rashinta, ya saka maka da alheri a kan wannan niyya. Na nemi izininka in amsa maka a bainar jama'a, domin akwai irinka da yawa, a ƙasashen waje da kuma gida, inda gudun famfalaki na birnin Legas yake jan dubban mutane tun daga 2016. Amsata a taƙaice ita ce: mako goma ba zai mayar da mai zaman ofis mai gudun kilomita 42 ba, komai kyawun niyyarsa. Akwai hanyar da mai yiwuwa za ta kai ka, amma tafiya ce gauraye da ɗan sassarfa, kuma tana da sharuɗɗa. Abin da na fi ji maka tsoro kuma shi ne jumlar ƙarshe ta wasiƙarka, domin kunya ita ce ke hana mutum tsayawa a lokacin da jikinsa ke roƙon ya tsaya.

Girman abin da aka ɗauka

Bari mu fara auna kayan kafin mu ɗora shi a ka. Tsawon wannan gudu kilomita 42.195 ne. An fara yin wannan tsawo a gasar Olamfik ta Landan a 1908, daga fadar Windsor zuwa filin wasa na White City, aka kuma tsayar da shi a matsayin ma'auni a 1921. A waccan rana ta 1908 wani ɗan Italiya mai suna Dorando Pietri ne ya fara shigowa filin, amma ya shigo hankalinsa a gushe, ya nufi wata hanyar daban, ya yi ta faɗuwa ana tayar da shi, har jami'ai suka tallabe shi ya ƙetare layi. Saboda wannan tallafi aka soke nasararsa. Gogaggen ɗan tsere ke nan.

Gudun Landan na yanzu an fara shi a 1981, kuma ya zama wata babbar kasuwar alheri: kuɗin da aka tara wa ƙungiyoyin agaji ta dalilinsa ya haura fam biliyan ɗaya tun a 2019, kuma a 2025 mutum fiye da 56,000 ne suka kai ƙarshensa. Ana tashi daga wajen Greenwich da Blackheath, a ƙetare gadar Tower ana dab da rabin hanya, a zaga unguwar Canary Wharf, a biyo bakin kogin Thames, a ƙare a gaban fadar Buckingham. Mai kallo a talabijin yana ganin tsofaffi da masu ƙiba da masu sanye da kayan barkwanci suna wucewa cikin murmushi, sai ya ce ai ni ma zan iya. Abin da kyamara ba ta nuna masa shi ne watannin da yawancinsu suka shafe suna fita da duku-duku cikin sanyi. Tsarin atisayen da aka saba ba sabon shiga yana ɗaukar mako 16 zuwa 20. Shirin da hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, take ba wanda bai taɓa gudu ba, domin ya iya yin minti 30 yana gudu, wato kimanin kilomita biyar, mako tara ne cur. Mako goman da ke hannunka ya isa gudun kilomita biyar cikin kwanciyar hankali, ƙila har goma. Abin da ka yi alkawari ya ninka biyar ɗin sau takwas da ɗoriya.

Ƙashi ba ya sauri

Dalilin da ya sa ba a iya matse wannan lokaci yana cikin halittar jiki. Idan mutum ya fara motsa jiki, zuciya da huhu da jini su ne ke saurin sabawa. Cikin mako uku ko huɗu sai ya ji hakin ya ragu, ƙafa ta yi sauƙi, ya fara jin kansa zakara. Amma ƙashi da guringuntsi da jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin su agara, watanni suke ɗauka kafin su ƙarfafa. Ƙashi yana sabunta kansa ne ta hanyar rushe tsohon gini kafin ya ɗora sabo, saboda haka a makonnin farko na sabon nauyi yakan ɗan yi rauni tukuna. A daidai lokacin da numfashi ke gaya wa mutum ya ƙara, a lokacin ne ƙwaurinsa ya fi buƙatar a tausaya masa.

Kowane taku na gudu yana sauke wa ƙafa nauyin da ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki, kuma takun da ke cikin kilomita 42 dubbai ne masu yawa, ga mai tafiya a ƙasa sukan kai wajen 50,000. Daga nan ne ake samun ciwon ƙwauri, da ciwon gwiwa, da kumburin agara, da ciwon tafin ƙafa mai soka da safe, da kuma tsagewar ƙashi, wadda kan fara kamar ɗan ciwo a wuri guda da za a iya nunawa da yatsa, ta ƙare da makonni shida zuwa takwas ko fiye mutum bai yi gudu ba.

Sai batun makamashi. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta wanda bai wuce kimanin kalori 2,000 ba. Mai gudu yana ƙona kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Mai nauyin kilo 75 ke nan yana buƙatar fiye da kalori 3,000 kafin ya kai. Shi ya sa wajen kilomita 30 zuwa 35 ajiyar kan ƙare, ƙafafu su yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi, tunani ya dagule. Masu gudu suna kiran wannan wuri bango. Dogon atisaye na watanni shi ne ke koya wa jiki ƙona kitse da tattalin sukari, yana kuma koya wa mutum bambanta gajiya da haɗari. Sabon shiga bai san wannan bambanci ba, kuma ranar gasa ba ranar koyonsa ba ce.

Ai wasu sun yi, sun kuma gama lafiya

Na san za a ce mini haka, kuma gaskiya ne. Kowace shekara akwai waɗanda ke shiga da guntun shiri su kai ƙarshe, su yi kwana uku suna sauka daga bene da baya, shi ke nan. Ba zan tsorata ka da ƙarya ba. Wani bincike da aka buga a mujallar likitanci ta New England a 2012 ya bi diddigin masu gudu miliyan 10.9 a gasannin Amurka, cikakku da na rabin zango, daga 2000 zuwa 2010. Mutum 59 ne zuciyarsu ta tsaya, 42 daga cikinsu suka rasu. Adadi ne kaɗan ƙwarai, kuma amfanin da motsa jiki ke yi wa zuciya ya rinjayi wannan haɗari nesa ba kusa ba.

Sai dai akwai abubuwa biyu da wannan adadi ba ya faɗa. Na farko, asarar da aka fi yi ba a makabarta ake ganinta ba. Ana ganinta a wurin mutumin da ya ji rauni a mako na biyar, ko ya gama gasar da gwiwa a kumbure, ya rataye takalminsa, ya rantse shi da gudu har abada. Ya samu lambar yabo guda, ya rasa ɗabi'ar da za ta kare shi daga hawan jini da ciwon suga na shekara talatin. Na biyu, mafi munin abubuwan da ke faruwa a irin wannan gudu sukan biyo ta hanyar dabarun da mutum ke yi don ya cike giɓin atisayen da bai yi ba. Wanda ya san shirinsa bai kai ba shi ne ke neman taimakon ƙwaya, da gari, da ruwa fiye da kima.

Ɗauki magungunan kashe zafin ciwo, irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda muka saba haɗiya kamar gyaɗa. A lokacin dogon gudu jini yana komawa tsoka da fata, abin da ke zuwa ƙoda da hanji ya ragu. Waɗannan magunguna suna ƙara tauye jinin da ke zuwa ƙoda, suna kuma iya ƙwarzane ciki. Ga shi kuma suna toshe bakin ciwon da ya zo ya yi maka gargaɗi. Kada a sha su kafin gudu ko ana cikinsa. Tramadol kuwa ko maganarsa ma kada a yi.

Ɗauki garin ƙarin kuzari da ake sayarwa a intanet da wuraren motsa jiki. A gudun Landan na 2012 wata mata 'yar shekara 30, mai ƙoshin lafiya, wadda ke tara kuɗi don wata ƙungiyar agaji, ta faɗi saura bai kai mil ɗaya ta gama ba, ta rasu. Binciken da hukuma ta yi ya gano wani sinadari mai zaburar da zuciya, DMAA, a jininta, daga wani gari da ta zuba a gorar ruwanta, wanda a lokacin ana sayar da shi a fili. Daga baya aka hana sayar da shi a Birtaniya. Duk abin da aka ce zai ba ka ƙarfin da ba ka yi atisayensa ba, ka guje shi.

Ɗauki ruwa kansa. Mu da muka tashi a ƙasar zafi an raine mu da tsoron ƙishirwa, kuma da dalili. Amma a dogon gudu yawan shan ruwa yana iya tsinka gishirin jini, wato sodiyam, har ƙwaƙwalwa ta kumbura. A gudun Boston na 2002 an gwada jinin mutum 488 bayan sun gama, aka samu kashi 13 cikin ɗari gishirin jininsu ya yi ƙasa. Waɗanda abin ya fi shafa su ne waɗanda nauyinsu ya ƙaru a kan hanya saboda yawan sha, da waɗanda suka wuce awa huɗu ba su gama ba. Mai tafiya a hankali, wanda zai yi awa shida ko bakwai yana wuce teburin ruwa bayan teburin ruwa, shi ne a sahun gaba. Alamunsa ciwon kai ne, da tashin zuciya, da kumburin yatsu, da ruɗewa, kuma sau da yawa akan ɗauka ƙishirwa ce a ƙara ɗura masa ruwa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ka sha idan ka ji ƙishirwa, kurɓi-kurɓi, kada ka sha don tsoro.

Maganar da ta shafe ka kai tsaye

Akwai abu guda a wasiƙarka da ba ka tambaya ba, amma shi ya fi tsaya mini a rai. Ƙanwarka uwa ɗaya uba ɗaya mai sikila ce. Wannan yana nufin iyayenku duka biyu suna ɗauke da ƙwayar halittar. Tun da kai ba ka da cutar, lissafin gado ya nuna cewa a cikin kaso uku, biyu suna nuna kai AS ne. Idan ba ka taɓa yin gwajin ba, ko ka manta sakamakon, wannan shi ne aikinka na farko, kafin sayen takalmi.

Kada wannan ya tayar maka da hankali. Mai AS ba majinyaci ba ne, kuma akwai manyan 'yan wasa da sojoji masu AS da suka yi fice. Amma idan aka matsa wa jiki matuƙa, musamman ga wanda bai saba ba, cikin zafi ko ƙishirwa ko rashin lafiya, haɗarin rugujewar tsoka ya fi yawa a wurinsu. Wani bincike da aka buga a 2016 a kan baƙaƙen fata kusan 48,000 na sojojin Amurka ya nuna cewa masu AS ba su fi sauran mutuwa ba, amma haɗarin rugujewar tsoka a wurinsu ya ɗara na sauran da kimanin rabi. Idan tsoka ta ruguje, abin da ke cikinta yana kwarara cikin jini ya toshe ƙoda. Alamunsa su ne ciwon tsoka mai tsanani wanda ya wuce misali, da raunin ƙafafu har su kasa ɗaukar mutum, da fitsari mai launin baƙin shayi. Wanda ya ga haka asibiti zai nufa a take, ba gida ba. Kariyar mai AS ita ce ƙara nauyin atisaye sannu a hankali, da hutawa idan jiki ya nema, da ƙin yin gasa da kowa. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da gajeren lokaci ke ƙwacewa.

Kada kuma ka raina zafin Ingila. A 2018 an yi gudun Landan mafi zafi a tarihinsa, ma'auni ya kai digiri 24.1. Ɗan Zariya zai yi dariya ya ce ai wannan hunturu ne. Amma jikin mai gudu murhu ne da kansa, kuma kai a sanyin Fabrairu da Maris za ka yi atisaye, jikinka bai saba da zufa ba.

Idan har za a je, ga yadda za a je

Mataki na farko ganin likita ne. A auna hawan jini, a duba suga, a tabbatar da nau'in jini, a saurari zuciya. A gaya masa gaskiya idan an taɓa jin ciwon ƙirji ko suma ko bugun zuciya maras tsari yayin aikin ƙarfi, ko idan wani a dangi ya taɓa faɗuwa ya mutu farat ɗaya yana matashi. Mai ɗaya daga cikin waɗannan ba ya fara atisaye sai likita ya sallame shi.

Mataki na biyu sauya buri ne. Ka cire lissafin awa daga ranka. Burin shi ne ka kai ƙarshe da ƙafafunka, ka kwana a gadonka. Mai tafiyar kilomita shida a awa zai gama cikin awa bakwai da 'yan mintoci. Ka tambayi masu shirya gasar lokacin da suke rufe hanya, ka yi lissafinka a kai. Hanyar da ta dace da kai ita ce wadda Jeff Galloway, ɗan tseren Amurka da ya wakilci ƙasarsa a Olamfik ta 1972, ya yaɗa: a gauraya gudu da tafiya tun daga farkon hanya, kafin gajiya ta zo. A wurinka, minti ɗaya na sassarfa, minti biyu ko uku na tafiya mai kuzari. Ma'aunin saurin shi ne ka iya yin magana cikakkiya ba tare da numfashi ya yanke ba.

Mako goma a takarda, bakwai ne a zahiri, domin makonni biyu zuwa uku na ƙarshe na rage aiki ne don jiki ya warware. Ka fita sau uku a mako, ba a jere ba: biyu gajeru na minti 30 zuwa 40, ɗaya dogo a ƙarshen mako wanda mafi yawansa tafiya ce. Dogon yana iya hawa kamar haka: kilomita 8, sai 11, sai 14, sai a sauko 10 don hutu, sai 17, sai 20, sai 24. Bayan nan a sauko 14, sai 8, sai ranar gasa. Ko wannan hawan ya fi yadda nake so tsayi, kuma na yarda da shi ne kawai saboda tafiya ce. Idan ka rasa mako guda saboda aiki ko mura, kada ka rama shi. Bashin atisaye ba a biyansa da ninki.

Bana azumin Ramadan ya faɗo cikin makonninka. Kada ka yi dogon atisaye da azumi a bakinka, musamman idan gwaji ya nuna AS. Ka mayar da shi dare, bayan buɗa-baki da awa biyu ko bayan Tarawihi, a wuri mai haske, sanye da riga mai ƙyalli don masu mota su gan ka. Ka kuma sani cewa ƙarancin barci na watan zai rage saurin warwarewar jikinka, wanda wannan ma wani dalili ne na sassauta buri.

Takalmi a saye shi yanzu, mai ɗan sarari a gaban yatsu, a saba da shi. Duk abin da za ka ci ko ka sha ko ka sa ranar gasa, sai wanda ka riga ka gwada a dogon atisaye. Dabino da ayaba suna aikin da kayan zaƙin kanti ke yi, kaɗan-kaɗan kowane minti 30 zuwa 45. Man shafawa a cinyoyi da hammata da yatsun ƙafa yana hana saɓulewar fata da bororo.

Sai dokar da ba ta da sassauci: mai zazzaɓi ba ya gudu. Ko mura ce mai zafin jiki, ko gudawa, ko maleriya ga waɗanda ke gida, a zauna har a warke sarai. Wasu ƙwayoyin cuta suna taɓa tsokar zuciya, kuma aikin ƙarfi a wannan hali yana iya jawo tsayawarta. Ranar gasa kuma, ciwon ƙirji, ko jiri, ko ruɗewa, ko numfashin da ya ƙi daidaita bayan an koma tafiya, ko ciwon da ya sauya yadda kake taka ƙasa, kowane ɗaya daga cikinsu umarni ne na tsayawa a nemi ma'aikatan agaji da ke gefen hanya.

Ranar yanke hukunci

Shawarata ita ce ka sa wa kanka rana, saura mako uku a yi gasa, ka kuma gaya wa wani naka wanda ba ya jin nauyinka don ya zama shaida. Idan a wannan rana ka iya cin kilomita 24 ɗin nan, bayan kwana biyu kana tafiya daidai ba ɗingishi, babu ciwo a ƙashi, to ka je da yardar Allah. Idan ba haka ba, ka kira ƙungiyar. Gurbin nasu ne, su za su gaya maka ko za a iya ɗaga maka zuwa baɗi. Ko ba a iya ba, gasannin kilomita goma da na rabin zango suna nan birjik a Ingila duk shekara.

A nan ne za ka ce mini alkawari kaya ne. Haka ne. Amma mu duba abin da ke cikin kayan. Waɗanda suka ba da kuɗinsu, saboda ƙanwarka suka bayar, da saboda yaran da ke kwance a gadon asibiti suna murƙususu irin nata. Kuɗin yana isa wurinsu ko ka yi awa huɗu, ko bakwai, ko ka jinkirta shekara. Haƙƙin masu bayarwa a kanka shi ne gaskiya. Ka rubuta musu yau, tun kafin wani abu ya faru, ka ce: "Lokacin da na samu kaɗan ne, zan yi tafiya ne gauraye da sassarfa, idan kuma jikina ya gaza zan ɗaga zuwa wata gasar, wanda yake son a mayar masa da kuɗinsa ya yi mini magana." Da wuya ka samu wanda zai nema. Abin da za ka samu shi ne 'yancin tsayawa a kilomita ta 30 ba tare da idanun dangi sun tura ka gaba ba.

Idan kuma tafiyar ce kake jin kunya, ka tuna da Michael Watson, ɗan damben Birtaniya da ya samu mummunan rauni a ƙwaƙwalwa a karawarsa da Chris Eubank a 1991. Ya yi kwana 40 a sume, ya shafe shekaru a keken guragu. A 2003 ya taka wannan hanya ta Landan da ƙafarsa, kaɗan da safe kaɗan da yamma, ya gama cikin kwana shida, yana tara kuɗi don masu ciwon ƙwaƙwalwa da laka. Kusan shekara goma sha biyu ya yi kafin ya kai ga wannan rana, kuma har yau ana ambaton tafiyarsa da girmamawa fiye da ta mutane da yawa da suka gama cikin awa uku.

Ga iyaye da iyali

Kalmata ta ƙarshe gare ku ce, domin ku ne kuke riƙe da linzamin da ba ku sani ba. Idan ɗanku ko mijinki ko ƙaninku ya ɗauki irin wannan aiki, kirari da zuga suna da daɗin ji, amma suna rufe masa ƙofar dawowa. Wanda aka yi ta kira namijin duniya tsawon mako goma ba ya iya ɗaga waya ya ce ƙwaurinsa na ciwo. Ku tambaye shi ko ya ga likita. Ku tambaye shi yadda ƙafarsa take da safe. Ku lura da ɗingishi, da kwalin ƙwayoyi a aljihun jaka, da fita atisaye da zazzaɓi. Ku faɗa masa da bakinku, tun yanzu, cewa ko ya fasa ba abin da zai ragu daga ƙimarsa a wurinku.

Kai kuma ɗan'uwana, ka ce ba za ka iya duban idon Mama ka ce ka fasa ba. Ban san mahaifiyarka ba, amma na san ta yi shekaru tana kwana a zaune a gefen gadon asibiti, ta kuma ga an fita da 'yarta. Ka kira ta a daren nan, ka karanta mata wannan shafi, ka tambaye ta abin da take so daga gare ka ranar ƙarshen Afrilun nan. Sannan ka rubuto mini abin da ta ce, tare da sakamakon gwajin jininka.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.